Shekarar da Na Yi Ina Cin Tuwo a Rumfar Gambo

Akwai shekara guda a rayuwata da ba ku taɓa tambayata a kanta ba, ni ma ban taɓa ɗauko muku zancenta ba. Na san kuna da labarinta yadda kuka ji a bakin mutane, kuma na lura har yau idan magana ta karkata wajenta, babbarku sai ta sunkuyar da kai ta canja zance. Ita ce shekarar da ta biyo bayan rasuwar mahaifiyarku, wadda aka yi ta cewa na zama ɗan gidan abinci. Ba ƙarya aka yi mini ba, na zama ɗin. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi na fara, da abin da na baro a can ranar da na daina. Gara ku ji daga bakina tun ina da sauran hankalin faɗa.

Bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Ke babba, wadda bakina bai saba kama sunanki ba, kin koma ɗakinki a Gagarawa. Kai Lawal ka koma bakin aikinka a Dutse, ƙannenku kuma kowa ya tafi inda yake. Kafin ka tafi ka roƙe ni in bi ka, na ce ba inda za ni, gidan da na gina da hannuna ba zan kulle shi in bar wa gara ba. Da ka ga ba zan sauya ba, sai ka shirya da Kande, matar ƙanena Audu, ta riƙa aiko mini da abinci safe da rana da dare. Kande ba ta taɓa saɓawa ba, kuma hannunta a girki ba abin kushewa. Ina faɗar wannan tun da wuri don kada wani a cikinku ya ɗora mata laifin da ba nata ba.

Abin da ya faru shi ne na kasa cin abinci ni kaɗai. Ni da mahaifiyarku ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ba haka muka tashi ba. Amma tun da na auro ta, duk lokacin da ta ajiye mini abinci a tabarma, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunne ta zauna gefe da tire a cinya, tana tsince shinkafa ko tana tsinke zogale, tana ba ni labarin gari. Akuyar wance ta haifi biyu. Man gyaɗa ya sake tashi. An yi faɗa a bakin famfo, wance ce ta fara. Ni kuwa ba abin da nake cewa sai "uhm", wani lokaci ma in ce mata ta bar ni in ci abincina cikin kwanciyar hankali, ta yi shiru kamar na haɗiya biyu ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ban san da wannan surutun nake cin tuwo ba sai da ya yanke. Sai in buɗe kwanon Kande a tsakar gida, in yi loma ɗaya, in ji ƙarar taunata a kunnena, ba wani motsi a gidan sai ƙadangare a kan katanga. In rufe kwanon. Ba ciwo nake yi ba, yunwar ma ina ji, maƙogwaron ne ya ƙi.

Za ku ce me ya hana ni fita da kwanona ƙofar gida a yi ciyayya, kamar yadda kuka tashi kuka ga ana yi. Ciyayyar layinmu ta daɗe da watsewa. Mu biyar ne a da a gindin dalbejiyar nan. Biyu sun riga mahaifiyarku tafiya, ɗaya ɗansa ya ɗauke shi zuwa Kano, ɗayan kuma ciwon suga ya sa sai a cikin gida yake ci, abin da aka auna masa. Matasan da suka tare a layin kowa a ɗakinsa yake ci da matarsa. Na gwada zuwa gidan Audu sau uku. Da na shiga sai a kashe rediyo, a kori yara, kowa ya yi tagumi, a fara yi mini ta'aziyya sabuwa. Audu ya riƙa kallon hannuna yana cewa in ƙara, in daure. Na ga na zame musu nauyi, na daina.

Wata Talata bayan azahar na fito masallaci, maimakon in juya gida sai na miƙe. Ban yi niyyar zuwa ko'ina ba, gidan ne ba na son shiga. Na bi ta gefen kasuwa har na ɓullo tasha. Nan ƙanshin miyar kuka ya tare ni daga wata rumfar kwano mai labulen buhu. Na tsaya bakin titi kamar mai jiran mota, har wani ɗan kamasho ya tambaye ni ko Maigatari za ni. Ku sani, a yadda aka rene mu, magidanci mai furfura ba ya cin abinci a hanya cikin garinsu. Wannan sai matafiyi, ko gwauro, ko wanda gidansa ya lalace. Duk shekarun da na yi ina aikin malamin dabbobi, ina zuwa kara, kasuwar shanu, a Maigatari kowace Alhamis, mahaifiyarku ce ke ƙulla mini dambu ko ta dama mini fura in tafi da ita. Na daɗe a tsaye ina tuna wannan. Daga baya na ɗaga labulen na shiga.

Direbobi ne cike da benci, suna musu a kan wata mota da ta kafe a yashi a hanyar Sule Tankarkar, kowa da bakinsa cike. Wani ya matsa mini ba tare da ya dubi fuskata ba. Ba wanda ya ce mini ya haƙuri. Aka miƙo mini buta na wanke hannu, aka dire mini tuwon dawa, ina sauraron musun ina ci, ban farga ba sai ji na yi yatsuna suna kankarar gindin kwano. Rabon da in cinye abinci tun tana kwance a asibiti. Da zan fita sai da na leƙa dama da hagu kamar wanda ya yi sata.

Daga ranar na shiga yawon gidajen abinci na Gumel, har na san su kamar yadda na san garkunan shanun ƙasar nan. Na ci a wani sabon wuri mai kujerun roba da fanka da talabijin, inda ma'aikata ke cin shinkafa da cokali, kowa ido a waya. Ban koma ba, shirun wurin ya yi kama da na gidana. Na ci sakwara a wajen wata Bayarabiya mai fara'a, yajin miyarta ya hana ni sakat kwana biyu. Ran Alhamis nakan hau mota in tafi Maigatari ba don ina da abin yi ba, in zagaya kara in dubi shanu, in zauna a rumfa cikin fataken Damagaram in ci masa da miyar taushe. Ita kuwa Kande na aika mata cewa likita ya ce in rage ci, ta bar aiko da na rana. Ƙarya na yi mata, kuma ita ce ƙarya ta farko da na yi a wannan al'amari.

Inda na tsaya daga ƙarshe shi ne rumfar Gambo, a wani lungu bayan kasuwa, can nesa da titi. Na zaɓe ta ne don a ɓoye take. Benci uku ne a ciki, da randa, da tukwane a kan murhun itace daga baya. Masu cin abinci a wurin 'yan unguwa ne: masu dako, da maƙera biyu, da teloli, da 'yan shagunan da ba sa iya rufewa su koma gida. Gambo bazawara ce, ta haura hamsin, asalinta daga tsallaken iyaka wajen Magarya, mace mai jiki da kaifin baki. Ita da ƙanwarta suke aikin. Ba ta yi wa kowa dariya a banza, kuma in ka bar saura a kwano sai ta tambaye ka abin da tuwon ya yi maka. Tuwon gero take yi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, ta ɗiga man shanu, ran Juma'a kuma biski. Ta san ko ni wane ne tun ranar farko, daga baya ta gaya mini, amma ba ta nuna ba. "Malam" kawai take ce mini, ta ajiye kwano ta koma bakin murhu.

A ƙarshen bencin da ke jikin bango kullum akwai wani tsoho siriri, ya miƙe ƙafa ɗaya, sandarsa a jingine. Wurin da ke kusa da shi ne ba kowa, saboda ƙafar, don haka nan nake zama. Mun yi kusan mako uku ba abin da ke haɗa mu sai sallama. Wata rana wani Bafillace ya shigo yana ba da labarin saniyarsa da ke tari tana ramewa, na kasa yin shiru, na gaya masa abin da nake zato da inda zai je a duba masa. Bayan ya fita sai tsohon ya juyo ya ƙare mini kallo.

"Na ce muryar nan na san ta," in ji shi. "Kai ne malamin dabbobin da ya tsare mini motar shanu kwana biyu a kara, wai akwai mai ciwon huhu a ciki."

Na ce ban tuna ba, amma in dai na tsare, to akwai.

"Akwai," ya ce. "Guda biyu ma. Ɗaya kawai ka gani."

Na yi dariya har tuwo ya sarƙe ni, Gambo ta miƙo mini ruwa tana faɗa. Ban yi dariya irin wannan ba tun kafin rasuwar.

Sunansa Manzo. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Ɗanzomo, amma ya bar can tun yana saurayi. Direban babbar mota ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai shanu Kudu daga Maigatari. Ya yi aure sau biyu, duk bai daɗe ba, don ba macen da za ta zauna da mijin da take gani kwana uku a wata. An haifa masa ɗa guda, bai yi rai ba. Haɗari a wata gada ya lalata masa ƙafar, ya bar tuƙi. A lokacin da na san shi, a wani shago yake kwana, na 'ya'yan tsohon ubangidansa, sun bar masa don mutuncin mahaifinsu. 'Yan'uwansa na ƙauye waɗanda suka san shi sun ƙare. Ba ya faɗar wannan da neman tausayi, cikin labari yake fitowa, tsakanin labarin wani gari da ake cin kare da na wani ɗan sanda da ya kwana a cikin motarsa tare da shanu. Ya ce ya ci abinci a garuruwan da ba zai iya lissafawa ba, kuma duk duniya ba inda ake cin mutuncin miya kamar inda ake zuba mata sukari.

Wata rana Gambo ta zo da kwano ɗaya babba ta dire a tsakaninmu. Ta ce tsofaffi biyu, kullum wuri ɗaya, abinci iri ɗaya, ba ta ga dalilin da za mu riƙa ƙara mata wanke-wanke ba. Muka dubi juna, Manzo ya yi bismilla ya sa hannu, na bi shi. Daga ranar a kwano ɗaya muke ci. In na riga shi zuwa sai in jira, in ya riga ni ya jira. Haƙoransa sun zube, saboda haka naman sai ya turo gabana da ɗan yatsa, ni kuma in bar masa gefen da man shanu ya taru. In mun gama mukan zauna har kiran la'asar, ya yi ta ba ni labarin hanya, ni ina ba shi na shanu.

Shi kaɗai na taɓa yi wa zancen mahaifiyarku. Ku ban iya ba, Audu ma ban iya ba. Ban san yadda aka yi ba, rannan sai na ji ina gaya masa yadda take zama a gefena tana surutu. Bai ce Allah ya ji ƙanta ya rufe zancen ba, kamar yadda kowa ke yi. Cewa ya yi, to me take cewa? Na fara kawo masa: akuyar wance, faɗan bakin famfo, yadda take kwaikwayon muryar maƙwabciyarmu. Ya yi ta saurare yana gyaɗa kai, har yana tambaya wace ce ta fara faɗan.

"Ka ci tuwo mai daɗi, Malam," ya ce. "Ni ban taɓa cin irinsa ba."

Haka muka yi wata bakwai ko takwas. Na mayar da jikina, wandunan da suka yi mini yawa suka koma daidai. Dare da safe har a lokacin ni kaɗai ne, in ɗan taɓa na Kande in rufe, amma ina tashi da sanin cewa akwai inda ake jirana bayan azahar. Na san ana ganina. Gumel ba ta da girman da mutum zai ɓuya a cikinta, kuma wasu daga cikin telolin nan suna yi wa matan layinmu ɗinki. Na ɗauka dai abin zai tsaya a tsegumin ƙofar gida.

Ke babba, daga baya na ji yadda ya same ki. A gidan suna ne a Gagarawa, cikin mata, wata ta ce ashe babanku a kasuwa yake cin abinci, ga 'ya'ya har huɗu. Wata ta ƙara da cewa ai ba tuwon ne ke kai shi ba, tsoho ya ga bazawara. Aka yi dariya, kika tashi kika bar wurin ba ki ko ɗauki mayafinki daidai ba. A makon ne kuma Kande ta gano ƙaryar likitan, ta yi kuka ta ce wa Audu na raina girkinta, na gwammace na 'yar kasuwa.

Ran Asabar da hantsi kuka iso, ke da Lawal. Tun daga yadda kuka gaishe ni na san da magana. Kuka zauna a bakin tabarma, ke kin juya mini gefe kamar yadda kika saba, Lawal yana murza hularsa. Shi ya fara, da ladabi, ya yi ta kewaye. Ya ce ana magana a gari, ana cewa kun yar da ni. Ya ce abokin aikinsa ɗan Gumel ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce in abincin Kande ne bai yi mini ba, a canja, in kuma aure nake so, ba haramun ba ne, in faɗa a nema mini mace ta mutunci, a yi shi a fili. Da ya gama sai ke kika buɗe baki.

"Baba, me muka yi maka? Inna ko shekara ba ta yi ba."

Amsar tana bakina. Kalma kaɗan ce: ba na iya ci ni kaɗai, kuma akwai wani tsoho da muke ci tare. Amma ta yaya uba zai dubi 'yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya faɗa, ya ce mata kewa ta hana shi haɗiye tuwo? Mahaifina bai taɓa nuna mini yana jin yunwa ba, balle kewa. Ga kuma zancen auren da ya ƙona mini rai, har na ji in na tsaya bayani kamar ina wanke kaina ne a gaban 'ya'yana. Na ga hawayenki yana ɗiga a kan tabarma. Sai na ce na ji, ba zan ƙara ba. Lawal ya ce in yi haƙuri, na ce ba komai. Kuka yi mini godiya, kika shiga madafar mahaifiyarki kika yi mini tuwo, kuka koma da yamma hankalinku kwance.

Na cika alkawari, ban ƙara taka lungun ba. Zuwa nan ba abin da nake nadama sosai, don uba yakan bar abin da yake so saboda mutuncin 'ya'yansa. Abin da ya biyo baya shi ne nawa. Ban je na sallami Manzo ba. Na yi ta cewa gobe zan je shagonsa in yi masa bayani, amma duk lokacin da na shirya maganar a raina sai in ga ba ta faɗuwa. In ce masa 'ya'yana suna jin kunyar a gan ni a wurin? Wurin nan shi ne gidansa, ba shi da wani. In ce masa bencin da yake zama a kai abin kunya ne ga mai iyali? Na kasa. Kwana uku suka zama mako, mako ya zama wata, kunyar rashin zuwan ta haɗu da ta farko. Na canja hanyar da nake bi zuwa kasuwa. Wata Juma'a na hango shi a masallaci, sahu huɗu a gabana, zaune ya miƙe ƙafar. Ana sallamewa na ɗauki takalmana na fita ta wata ƙofa, ko addu'a ban tsaya ba.

Jikina ya sake zubewa, har Audu ya buga maka waya, Lawal. Da azumi ya matso ka zo ka ɗauke ni zuwa Dutse, wannan karon ban yi musu ba. Matarka ta yi mini duk abin da ake yi wa uba. Ana jera mini abinci a falo kala-kala, a kunna mini talabijin, a ja ƙofa, a ce wa yara kada su dami Kaka yana cin abinci. Ina jiyo su a can ciki suna faɗa a kan ƙosai. Sau da yawa na so in ce a bar su su shigo, ban ce ba. Na yi azumi na yi Sallah a can, na ƙara 'yan makonni, sannan na ce gida nake so.

Na dawo ruwa ya sauka, ana ta shuka. Kwana huɗu da dawowata na shiga kasuwa sayen igiya, sai ga Gambo a gaban mai daddawa. Ba hanyar kaucewa. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ba ta dube ni ba, ta ci gaba da zaɓen daddawarta. Na tambayi ƙanwarta, na tambayi kasuwa. Da na rasa abin tambaya na ce, ya abokina?

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce Manzo ya rasu tun goman tsakiya na azumi.

Na nemi bakin wata rumfa na zauna. Ta tsaya a kaina ta ba ni labarin, ba ta sassauta ba, ba ta kuma ƙara gishiri ba. Ta ce bayan na daina zuwa ya yi kusan wata yana hana ta zuba masa da wuri, yana cewa a ɗan jira Malam. Sai tuwon ya huce yake ci. Daga baya ya bar cewa a jira. Zancen da ake yi a gari ya iso rumfar, telolin sun kawo shi, ya ji komai. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi ita ke kai masa kunu shagon, safe da yamma. Ta ce da ta ga jikin ya yi nisa ta gaya masa za ta aika gidana, ko in ba na nan a ba Audu saƙo. Ya hana ta, har ya sa ta yi masa alkawari.

"Cewa ya yi, bar shi, mai 'ya'ya ne. Kada a ja masa magana."

Ta ce maƙeran nan biyu ne suka yi masa wanka, su da limamin unguwa da 'yan dako suka kai shi, ba su cika sahu biyu ba. Sannan ta ɗauki ƙullin daddawarta. Kafin ta tafi ta ce ita ba ta damu da abin da aka faɗa a kanta ba, mai sayar da abinci ta saba, amma ko sallama ai da na yi masa.

Ban sayi igiyar ba. Daga nan maƙabarta na wuce. Na sami tsohon da ke kula da ita, na kwatanta masa lokacin da mutumin. Ya yi tunani, ya kai ni wani gefe wajen katanga, ya nuna mini kaburbura uku a jere. Ya ce duk a mako ɗaya aka yi su, ɗaya daga ciki ne, amma ba zai ɗauki alhakin cewa wannan ne ba. Ba wanda ya sa alama, ruwan sama kuma ya fara daidaita su, har ciyawa ta tsiro. Na tsuguna a gaban na farko na yi addu'a, na matsa na biyu, na matsa na uku. A kowanne na ce ya yafe mini. Biyu daga cikinsu ban san ko su wane ne ba.

Wannan shi ne labarin shekarar. Tsakanina da Gambo ba abin da ya taɓa shiga sai kwanon tuwo. Ta koma garinsu da ƙafafunta suka gaza, rumfar yanzu mai gyaran babur ne a ciki. In Allah ya sa wani a cikinku ya haɗu da ita, ya durƙusa ya gaishe ta, ta ciyar da ubanku lokacin da ya kasa ci a gidansa. Kande kuma na je har ɗakinta na ba ta haƙuri, ta yafe.

Ke babba, ki daina sunkuyar da kai. Abin da kuka gani kuka yi aiki da shi, kuma ni na hana ku ganin sauran. Kun roƙe ni in daina zuwa wani wuri, ba ku ce in guje wa mutum a masallaci ba. Wannan ni na yi shi, da girmana da furfurata.

Abu ɗaya nake roƙonku. Na san in na tafi za ku riƙa yi mini addu'a tare da mahaifiyarku, kun saba, ba sai na ce ba. To ku ƙara mutum ɗaya. Duk juyin da na yi ban ga wanda ya rage a duniya da zai ambace shi ba in ba ni ba, ni kuma na kusa. Sunansa Manzo, direba. Sunan mahaifinsa ban taɓa tambaya ba.